Garka da Lambu: Tarihin Kayan Miya a Ƙasar Tambuwal da Kebbe

A shekarar 2024, lokacin da hauhawar farashin abinci a Nijeriya ta haura kashi 40 cikin ɗari, ofishin uwargidan shugaban ƙasa ya shelanta wata gasa ta mata, wadda manufarta ita ce kowane gida ya mallaki lambunsa. Waɗanda suka manyanta ba su ji baƙon abu ba. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta yi irin wannan kira cikin shirinta na Ciyar da Ƙasa, inda aka nemi ma'aikata da ɗalibai da sojoji su kafta duk wani fili da ke kusa da su, su shuka abin da za su ci. Shekara 48 ke tsakanin kiran farko da na biyu, amma harshensu ɗaya: ana magana kamar za a koya wa mutane wata dabara da ba su taɓa sani ba.

A kudancin Jihar Sakkwato, daga Tambuwal da Dogon Daji da Sanyinna har zuwa Kebbe da Kuchi, shukar kayan miya a gida ta girmi duk gwamnatin da ta taɓa kira a yi ta. Abin da ya cancanci a tambaya shi ne yadda aka yi ta fita daga gidajen masu ilimin boko, da kuma irin abin da ake shukawa a lokacin da take rage wa maigida nauyin cefane da gaske. Amsar tana cikin bambanci tsakanin wurare biyu da Hausar yau ta fara cakuɗa sunayensu.

Na farko shi ne lambun fadama. Ƙasar Kebbe tana cikin kwarin Gulbin Zamfara, wanda ya biyo ta Gummi ya nufi Jega. Idan ruwan damina ya janye, yakan bar ƙasa mai laka da ruwa kusa da sama. A nan ake yin fangali, a haƙa rijiya marar zurfi, a yi noman rani: albasa, alkama, rake, taba, daga baya tumatir da tattasai. Aikin maza ne, kuma kasuwa ake nufi da shi. Na biyu kuwa ɗan fili ne a bayan ɗaki ko jikin danga, wanda a nan zan kira garka, ko da yake a bakin Sakkwatawa kalmar takan ɗauki duka biyun. A cikinsa ake samun guro da sure, wato kuɓewa da yakuwa a Hausar Kano, da rama, da lalo, da kabewa tana bin darni, da duma a kan rufin ɗaki, da zogale a matsayin shinge. Ruwan sama ke shayar da shi, da ruwan wanke-wanke. Takinsa toka ce da kashin awaki da sharar tsakar gida. Mata ke kula da shi, kuma tukunyar gidan ce kasuwarsa.

Tarihin da aka rubuta kusan duka na lambun fadama ne. Na garka sai an bi ta bayan gida.

Abin da sunaye suka adana

Hujja mafi tsufa tana bakinmu. Guro da sure da rama da lalo da karkashi da yalo tsirrai ne da suka daɗe a Afirka, sunayensu kuma ba su da ƙamshin aro. Sai rukuni na biyu, wanda ya ratso Sahara tare da fatake da malamai da mahajjata: albasa daga Larabcin al-basal, alkama daga al-ƙamh, sai lemo da na'ana'a da rumman. Zogale asalinsa ƙasar Indiya ne, kuma ɗaya daga cikin tsofaffin sunayensa a Hausa shi ne bagaruwar Makka, abin da ke nuna hanyar da mutane suka ɗauka ya biyo. Rukuni na uku ya fi ban mamaki, domin mun riga mun mayar da shi ɗan gida. Barkono, wanda Basakkwace ke kira tonka, da tattasai da attarugu da kabewa da dankali da rogo da gwanda da masara, dukkansu daga nahiyar Amurka suka fito, ba kuma wanda ya iso Afirka kafin tafiyar Kolombos ta 1492. Ke nan miyar da aka ci a Surame zamanin Kanta na Kabi ba ta san zafin attarugu ba. Yajinta citta ne da masoro da kimba. Rukuni na ƙarshe shi ne na zamanin Turawa, kuma sunayensa ba su ɓoye asalinsu: karas, kabeji, latas, kokwamba.

Likitan nan ɗan Sikotland, J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewacin Nijeriya, ya wallafa ƙamus ɗin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, Bargery kuma ya fitar da babban ƙamusunsa a 1934. Wanda ya duba su zai ga yawan ganyayen miya da kakanninmu suka sani da suna, ya kwatanta da guda huɗu ko biyar da ɗansa zai iya lissafawa yau.

Darasin wannan jeri shi ne garkar Bahaushe ba ta taɓa rufe ƙofa ga baƙon iri ba. Amma tana da sharaɗi: abin da ya zauna a bayan ɗaki shi ne wanda ya jure damina ta wata huɗu, ya yi yabanya ba tare da ban ruwa mai yawa ba, kuma ana iya shanya shi. Wanda ya kasa cika sharaɗin, kamar albasa da alkama, fadama ya tafi.

Zamanin ribaɗi

Tambuwal ta sami matsayinta ne a ƙarni na 19, lokacin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna a cikinta a matsayin ribaɗi mai tsaron wannan sashe daga hare-haren Kabawa. Ribaɗi gari ne mai ganuwa a bakin daga, kuma garin da ke zaune cikin shirin yaƙi ba ya dogara da gonar da ke nesa kaɗai. Abin da aka shuka cikin ganuwa ko a gindinta shi ne abin da ake da tabbas a kansa ranar da aka rufe ƙofa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya mayar da kafa irin waɗannan garuruwa da zaunar da makiyaya siyasar daula. A cikin Usulus Siyasa, wanda ya rubuta wa Ummarun Dallaje na Katsina, ya sa raya manoma da masu sana'a cikin wajiban shugaba.

Heinrich Barth, Bajamushen da ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya isa Gwandu a 1853 a hanyarsa ta zuwa Tumbuktu. Gwandu ba ta da nisa da Tambuwal. A can ya sami kwafin Tarihin Sudan, abin da masana suka fi tunawa da shi ke nan, amma ya kuma rubuta cewa wani rafi ya ratsa garin, ana shuka ayaba a gefensa, ya kuma yaba albasar Gwandu wajen girma da kyau. Wanda ya san kasuwar albasa ta Aliero a yau, can kusa da Jega, zai gane cewa sana'ar ba jiya ta fara ba a wannan yanki. Ya kamata a faɗa, ko da ba daɗi, cewa manyan gandaye da lambunan masu sarauta na wancan zamani da ƙarfin bayi aka noma da yawansu, kuma jigo, wato sandar nan mai guga a gefe ɗaya da nauyin laka a ɗaya gefen, yana cin ƙarfin mutum ƙwarai.

Me ya sa matafiya suka ga albasar fadama, ba su ga guron bayan ɗaki ba? Dalili na farko a fili yake: baƙo namiji ba ya wuce zaure. Na biyu yana cikin fiƙihu. A mazhabar Malikiyya ana fitar da zakka daga hatsi da dangogin wake da 'ya'yan itatuwan da ake tatsar mai da dabino da zabibi, amma ganyaye da ɗanyun kayan lambu ba zakka a kansu. Abin da ba a karɓar zakkarsa ba mai auna shi, abin da ba a aunawa kuwa ba ya shiga takarda. A ƙasar Kano sarakuna sun ɗora wa masu noman rani kuɗin rafi, don haka lambun kasuwa ya shiga lissafin hukuma tun kafin zuwan Turawa. Garka ta zauna a wajen kowane lissafi. Wannan ya tsare ta daga mai karɓar haraji, ya kuma ɓoye ta daga mai rubuta tarihi.

Tattalin da ke cikin shanya

A nan ne ya kamata a daɗe, domin a nan ribar take. Tsarin gandu ya ɗora wa maigida hatsi: gero da dawa na tuwo da fura. Abin da ke mayar da tuwo abinci kuwa, wato miya, rabinsa yana hannun uwargida. Maigida ya kawo gishiri da nama idan an samu; ita ta fitar da ganye da kuɓewa da daddawa. Mace ko matashi kan sami gayauna, ɗan filin da amfaninsa nasa ne shi kaɗai, kuma matar da ke cikin kulle tana da bayan ɗakinta.

Shekarar garka tana tafiya kamar haka. Da saukar ruwan farko a watan Yuni ake binne irin guro da sure da kabewa. Kafin hatsin bana ya nuna, a watannin Yuli da Agusta, rumbu ya yi ƙasa, kuma a daidai wannan lokaci ne ganye ke yalwata. Rama da tafasa da zogale, a dafa su a kwaɗanta da ƙuli-ƙuli, ko a cuɗa su cikin dambu da fate, su ne ke miƙar da ɗan tsakin da ya rage har a kai kaka. Ganye a wannan wata abinci ne sosai, ba ado ba.

Da kaka kuma sai shanya. A yanyanka guro a baza a tabarma, a busar da ganyen sure da lalo da karkashi, a tara kuka, a daka tonka. 'Ya'yan sure ma ba a zubarwa: da su ake yin daddawar batso, furensa kuma shi ne zoɓo, ɓawon rama a tuƙa igiya. Kabewa idan ta ƙosa takan yi watanni a ƙarƙashin gado ba ta lalace ba. Iskar hunturu, wadda ke busar da leɓe, ita ce firjin wannan ƙasa tun kafin a san lantarki. Gidan da ya yi shanya da kyau yana iya kai wa wata damina bai sayi abin kaɗa miya ba, in ban da gishiri da kanwa. Iri kuma ba saye ake yi ba. Ana barin 'ya'yan guro mafi kyau su bushe a jikin uwa, a ɗure su a ƙwarya ko tulu da toka, maƙwabciya ta roƙa a ba ta, amarya ta tafi da nata gidan miji.

A ganina, duk wanda ya ce yana son farfaɗo da lambun gida bai kuma yi maganar shanya ba, ya ɗauki rabin sana'ar ne ya bar rabin da ke ajiye kuɗi. Ɗanyen ganye na wata uku ne. Busasshe shi ke riƙe sauran tara.

Haraji, cin rani, da madatsun ruwa

Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Harajin da suka tsaya a biya da kuɗi ya tura mazajen lardin neman tsaba da rani, zuwa Kano da ma'adinan Jos da ƙasar Yarbawa da Gwanja. Ƙidayar da masanin nan R. M. Prothero ya yi nazarinta, ta ranin 1952 zuwa 1953, ta nuna mutum sama da 200,000 sun fita ta hanyoyin Lardin Sakkwato, har da waɗanda suka gangaro daga ƙasar da Faransa ke mulka. Mai cin rani yana rage bakin da ke cin rumbu, amma yana barin gida a hannun mata da tsofaffi na tsawon watanni. A waɗannan watanni buhun busasshen guro da tulun daddawa su ne cefanen.

Tun daga wancan zamani hankalin hukuma ya karkata ga ruwa mai yawa da fili mai faɗi. Bayan farin 1972 zuwa 1974 aka shiga gina madatsu. An kammala ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara a 1978, kuma a watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka buɗe wuta kan manoman da ke neman diyyar gonakinsu, aka kashe mutane da dama. Binciken W. M. Adams ya nuna cewa madatsar ta rage ambaliyar da fadamun da ke ƙasa da ita suka dogara da ita, noman shinkafa da na rani suka ja baya a can. Ta Goronyo ta biyo baya a 1984. Shugaba Shehu Shagari, wanda garinsu ke kan hanyar Sakkwato zuwa Tambuwal, ya ƙaddamar da nasa shirin juyin noma a 1980.

Abin da ya canza noman rani da gaske ƙaramin abu ne: rijiyar burtsatse marar zurfi da ɗan injin ban ruwa mai shan fetur. Sun fara yaɗuwa a shekarun 1980, shirin Fadama na Bankin Duniya kuma ya bunƙasa su daga farkon shekarun 1990. Jigo ya kwanta. A Nijar ma, bayan farin 1984, gwamnatin Seyni Kountché ta tura jama'a noman rani da ƙarfi, albasar Galmi ta zama abin fitarwa zuwa ƙasashen gaɓar teku. Duk wannan ci gaba ne na haƙiƙa, kuma duk na lambun fadama ne. Garka ba ta sami malamin gona ba, ba ta sami ingantaccen iri ba, ba ta shiga kasafin kowa ba.

Mulkin tumatir

Injin ban ruwa ya cika kasuwa da tumatir da tattasai da attarugu masu araha daga Disamba zuwa Maris, motoci suna lodinsu zuwa Legas. Ɗanɗanon gari ya bi su. Jar miya da shinkafa ta zama abincin gidan ma'aikaci, miyar sure da ta lalo suka koma abin da ake ci idan an je ƙauye. Dunƙulen Maggi ya rage wa daddawa daraja, tumatirin gwangwani ya toshe giɓin watannin da ɗanye ke tsada. Ginin gida ma ya sauya. Fulotin ƙafa 50 da 100 da aka cika da ɗakuna, aka shafe sauransa da siminti don gudun taɓo da sauro, ba ya barin ko taku biyu na ƙasa. Akuyar da ke ba da taki ta fita, ruwan wanke-wanke ya bi kwata. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: ga wanda ya yi karatu ya kama aikin ofis, rama a tsakar gida ta zama alamar bai bar ƙauye ba.

Sai dai jar miya tana da rauni da miyar ganye ba ta da shi. Tumatir ba ya son zafi. Idan bazara ta kai ma'aunin 40, kamar yadda takan yi a Sakkwato cikin Afrilu, furensa zubewa yake yi ba ya ɗaura 'ya'ya, damina kuma tana kawo masa cututtuka. Shi ya sa farashinsa ke tashi kowace shekara daga ƙarshen bazara. A 2016 wata tsutsa mai suna Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da maƙwabtansu, har Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa, masana'antar tumatir ta Ɗangote da ke Kadawa ta tsaya. Da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, tsadar ta shiga ta ƙofa biyu: man injin ban ruwa da man motar da ke ɗauko kaya. Gidan da ya ɗora dukkan miyarsa a kan kayan gwari ya ɗaure tukunyarsa da farashin lita.

A ƙasar Kebbe akwai ƙarin nauyi. Hare-haren 'yan bindiga da suka tsallako daga Zamfara sun sa gonar da ke nesa da gari ta zama wurin da ake shiga da fargaba a wasu ƙauyuka. Lissafin da mazauna ribaɗi suka yi a ƙarni na 19, na abin da za a iya shukawa kusa da ɗaki, ya dawo wa jikokinsu ba da zaɓinsu ba.

Kiran 1976 bai daɗe ba, kuma dalilin ba lalaci ba ne. An ɗauki lambun gida kamar ƙaramin lambun fadama: a shuka abin da ake saye a kasuwa, a yi ta ban ruwa. Ma'aikacin da ke sayen ruwa a jarka daga ɗan garuwa, idan ya dasa tumatir cikin buhu a watan Maris, kuɗin ruwansa zai fi kuɗin tumatirin, ƙarshenta ma zafi ya kashe furen. Manomin fadama zai riƙa fin sa araha a tumatir da albasa kullum, domin ruwansa yana ƙarƙashin ƙafarsa.

Inda gida ke da rinjaye a kan kasuwa shi ne inda yake da shi tun da. Zogale uku ko huɗu a jikin katanga, idan ana sare kansu kada su yi tsawo, suna ba da ganye mafi yawan shekara da ruwan alwala da na wanke shinkafa. Alayyafo yana isa yanka cikin mako huɗu zuwa biyar. Guro yana fara 'ya'ya cikin kamar wata biyu, ya ci gaba muddin ana tsinka. Sure da rama da lalo ruwan sama ya ishe su. Ɗaɗɗoya da na'ana'a suna rayuwa a tsohon bokiti a inuwa. Tumatir da latas da karas lokacinsu hunturu ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ga mai rijiya a gida. Wanda ba shi da ita ya fi riba ya sayi kwandon tumatir a watan da ya faɗi warwas, ya yanka ya shanya kauɗa. Irin guro da na sure na gargajiya kuwa har yanzu ana auna su da ƙaramin gwangwani a kasuwannin ƙauye na Tambuwal da Kebbe gab da faɗuwar damina, galibi a gaban tsofaffin mata masu sayar da daddawa da kuka.